Kun Tambaya, Mun Amsa: Gashin Nama da Hayaƙin Itace a Babban Murhu

Tun da bidiyon gashin naman Amurkawa ya fara yawo a wayoyin jama'a, wasiƙu suke ta zuwa mana a kan wannan murhun ƙarfe mai kama da tankin ruwa kwance, wanda ake saka masa nama tun dare sai washegari a fitar. Wasu sun riga sun ba mai walda ya ƙera musu, wasu suna shiri, wasu kuma sun gwada sun ƙone kuɗinsu. Mun zaɓo tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Assalamu alaikum. Ni ban ga abin da ya raba wannan gashin da bandar da muka gada ba. Ko dai balangu ne aka canja wa suna? Daga wani mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ɗauke su ɗaya zai ɓata namansa tun ranar farko. Mai tsire da mai balangu suna ajiye nama kusa da garwashi, zafi mai ƙarfi ya gasa shi cikin ɗan lokaci. Mai banda kuwa so yake ya kore ruwan jikin nama ko kifi don ya daɗe bai lalace ba, shi ya sa yake barin wuta ta yi ta turnuƙe hayaƙi. Wannan gashin ya saɓa wa duka biyun. Wutar tana wani ɗaki daban a gefe, naman yana nasa ɗakin, iska mai zafi ce kawai da siririn hayaƙi suke ratsa shi su fice ta bututu. Zafin ɗakin naman yakan tsaya tsakanin digiri 110 zuwa 135 a ma'aunin Selshiyos, kuma babban yanki yakan ɗauki awa 10 zuwa 16.

Dalilin wannan doguwar jira shi ne jijiya. Naman ƙirji, da kafaɗa, da haƙarƙari duk cike suke da farar jijiya mai tauri, wadda wuta mai ƙarfi ke ƙara ɗaurewa. Amma idan zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya daɗe yana hawa a hankali, jijiyar sai ta narke ta koma wani abu mai danƙo, irin wanda kake gani idan farfesun ƙafar saniya ya kwana ya daskare. Wannan danƙon da narkakken kitse su ne laushin da ake nema.

Salon da ya fi shahara na tsakiyar jihar Teksas ne, a garuruwa irin su Lokhat da Tela da Luling, inda mahauta 'yan asalin Jamus da ƙasar Cek suka zauna a ƙarni na 19, suna gasa ragowar naman da bai sayu ba da itacen ok suna sayar wa ma'aikatan gona a kan takarda. Can naman shanu ne kan gaba, da gishiri da masoro kawai. A jihohin Karolina alade suka fi gasawa, wannan ba namu ba ne. A garin Owensboro na jihar Kentaki kuma naman tsohuwar tunkiya suka shahara da shi. Don haka abin da za mu koya daga gare su yana nan a kan naman da muke ci.

Ina so in ba mai walda ya ƙera mini. Na samu tsohuwar tukunyar gas babba da kuma duro. Wanne ya fi, kuma me zan ce masa ya yi? Daga Kaduna.

Kafin komai, maganar rai: kada a kusantar da injin yanka ko wutar walda ga tukunyar gas ko duron fetur don kawai an ce babu komai a ciki. Tururin da ya rage ya isa ya tarwatsa ta. Sai wanda ya san aikin ya cire kan, a cika ta da ruwa har ya tumbatsa, a zubar, a sake cikawa, sannan a yanke ta da ruwan a ciki. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani sinadarin da ba ka sani ba, rabu da shi gaba ɗaya. Haka farin ƙarfe mai rufin zin, irin na kwanon rufi da bokiti: idan ya ji wuta yana fitar da hayaƙi mai cutarwa.

Tukunyar ta fi duro nesa ba kusa ba, saboda kauri. Manyan masu gashin Teksas ma da tsofaffin tankokin gas masu cin galan 500 ko 1000 suke ƙera nasu. Duro siriri ne, da iska ta kaɗa zafi ya sauka, da ka ƙara itace ya yi sama, ka kwana kana kokawa da shi. Ƙarfe mai kaurin milimita 5 zuwa 6 yana ɗaukar lokaci kafin ya yi zafi, amma in ya yi yana riƙewa. In kuɗi bai kai a yi duka da mai kauri ba, a yi ɗakin wuta da shi, don shi ne ke fara cinyewa.

Ga abin da za ka faɗa wa mai walda. Ɗakin nama mai faɗin santimita 60 da tsawon 120 zuwa 150 ya ishi gida da baƙi. Ɗakin wuta ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na girman ɗakin nama, a manna shi a gefe ɗaya, ƙasa-ƙasa, yadda ƙofar da ta haɗa su za ta kasance ƙasa da ragar da nama zai zauna a kai. A yi masa ƙofa mai faɗi da za a iya buɗewa kaɗan ko da yawa. Bututun hayaƙi ya tsaya a ɗaya ƙarshen, faɗinsa santimita 12 zuwa 15, tsayinsa kamar mita 1, kuma bakinsa ya fara daga daidai ragar. Nan masu walda suka fi yin kuskure: sai su huda shi a can saman tanki, zafi ya bi rufi ya fice bai taɓa nama ba. A huda ƙaramin rami a ƙasan ɗakin nama ta wajen bututu don kitse ya riƙa ɗiga cikin gwangwani, a ɗan karkata murhun zuwa can. Idan kitse ya gangara wajen wuta, gobara ce. Ma'aunin zafi kuma a ɗaura shi daidai tsayin raga, domin wanda ke saman murfi yana iya nuna digiri 20 ko fiye sama da abin da naman ke ji.

In an gama, a hura wuta mai ƙarfi ba nama na awa 2 don ta cinye fenti da datti, a goge cikin, a shafe shi da man gyaɗa, a sake hura wuta awa 3. Wajen ajiye shi kuma fili ne mai iska, nesa da rumfar kara da inda yara ke wasa. Ba a kunna shi a cikin ɗaki ko gareji, hayaƙin itace a rufaffen wuri yana kisa.

Na gasa haƙarƙari awa 8. Ya fito baƙi ƙirin, yana ɗaci, harshe har yana ɗan mutuwa in an ci. Na toshe bututu ne don hayaƙi ya shiga naman sosai. Me ya faru?

Ka faɗi laifin da bakinka, ɗan'uwa: toshe bututun. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a shafin nan, don haka za mu daɗe a kanta.

Itace ba ya ba da hayaƙi iri ɗaya. Idan yana ci da harshen wuta kuma iska ta ishe shi, yawancin abin da ke fita daga jikinsa yana ƙonewa, abin da ya rage shi ne siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi wanda da ƙyar ido ke gani, mai ƙamshi. Idan aka hana shi iska sai ya riƙa cin ciki, ya fitar da farin hayaƙi mai kauri ko mai ruwan toka, ɗauke da kunkunniya da wani baƙin mai mai kama da kwalta. Shi ne ya kwanta a kan namanka, shi ne ɗacin, shi ne ya kashe maka harshe. Hannun da ya saba da banda yana son ganin hayaƙi ya turnuƙe. A nan sai ka saba wa idonka da akasin haka: in ka ga bututu kamar ba ya fitar da komai sai rawar zafi, to wutarka ta yi daidai.

Ga yadda ake bi. A fara da gawayi kamar cikin ƙaramin bokiti, a hura shi ya kama jajir, a ɗora faskare 3 ko 4, a bar ƙofar ɗakin wuta da murfin ɗakin nama a buɗe har su ci su fara zubewa garwashi. Sannan a rufe murfi a bar ƙarfen ya ɗau zafi. Wannan yana cin minti 45 zuwa awa 1, kuma ba a saka nama kafin nan. Wannan garwashin na farko shi ne jarin aikin duka. Muddin yana da yawa, duk faskaren da ka ɗora zai kama nan take.

Daga nan ana ƙara faskare ɗaya duk minti 30 zuwa 45. Tsawonsa kamar santimita 30 zuwa 40, kaurinsa kamar damtsen hannu. Manyan gungume ba sa kamawa da wuri, sai su yi ta hayaƙi. Ka riƙa ɗora faskaren da za ka saka gaba a saman ɗakin wuta ya ɗumama, sai ka ga ya kama cikin ƙasa da minti 1. Ka sa ido kada ya kama a waje. Lokacin ƙarawa shi ne sa'ad da na ciki ya fara farfashewa amma harshen wuta bai mutu ba, ma'auni kuma ya ɗan fara sauka. Kada ka jira ya faɗi digiri 20 sannan ka jibga guda uku lokaci ɗaya. In ka ɗora, ka gicciya shi a kan garwashi yadda iska za ta bi ta ƙarƙashinsa, ka bar ƙofa a buɗe sosai har ya kama, sannan ka mayar da ita rabi.

Bututu kullum a buɗe yake gaba ɗaya. Idan zafi ya yi yawa, ba iska ake ragewa ba, girman wutar ake ragewa: ka jinkirta faskare na gaba, ko ka sa ƙarami, ko ka buɗe ƙofar ɗakin wuta sosai zafi ya fice ta nan. Kuma kada hawa da saukar digiri 10 ya dame ka, babban nama ba ya jin wannan.

Abubuwa biyu kuma suna jawo irin baƙin da ka gani. Toka idan ta taru tana shaƙe garwashi, sai a janye ta gefe duk awa 3 ko 4. Sai kuma datti a cikin murfi: tsohon kitse da kunkunniya suna ɓarewa su zubo a kan nama, don haka a kankare su kafin kowane gashi. A lokacin hunturu ka juya murhun kada iska ta riƙa bugun ƙofar wuta kai tsaye, ko ta turo hayaƙi baya ta bututu.

A nan Damagaram ba mu da itacen ok da suke faɗa. Da wane za mu yi?

Ba sai da shi ba. Abin da ake nema itace ne mai nauyi, mai barin garwashi, wanda ba shi da ƙaro mai wari ko farin ruwa, kuma busasshe. Marke ya cika waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa matan gida suka daɗe suna fifita shi. Tsamiya ma haka. Ƙirya, wadda maƙera ke son gawayinta, dangi ce ga itacen meskit da ake gashi da shi a kudanci da yammacin Teksas, tana da zafi sosai, sai a yi faskarenta ƙanana. Gwaiba da lemo suna da hayaƙi mai sanyi da ya dace da kaza da kifi. Rassan da aka sare wajen gyaran lambu sun isa, ba sai an kayar da itace mai rai ba, ga yadda daji ke ƙarewa.

Waɗanda za a guje wa: darbejiya tana sa ɗaci, itacen turare yana cika nama da warin magani, tumfafiya da da yawa daga masu farin ruwa suna da guba. Katakon gini, tsohuwar kujera, da duk abin da ya ga fenti ko maganin gara kada su shiga. Kananzir da leda ma kada a tada wuta da su.

Bushewa ta fi sunan itacen muhimmanci. Ɗanye ruwa zai yi ta tafasawa yana farin hayaƙi. A faskara a jera a inuwa mai iska wata 6 ko fiye. Busasshe za ka ga bakinsa ya tsattsage, in ka buga biyu su yi ƙara mai kaifi. Wanda kuma ya shekara da shekaru a rana har ya yi sakayau yana ci kamar kara, ba ƙamshi. Gashin awa 12 yana cin faskare 20 zuwa 25, ka tanadi 30.

Na sayi naman ƙirji kilo 4 a mahauta da safe, na saka da rana. Da zafin cikinsa ya kai 70 sai ya tsaya cak awa 3 ba ya motsi. Na ƙara wuta, ƙarshe ya fito busasshe kamar fata. A bidiyo kuwa nasu har ruwa yake ɗiga. Daga wata mai karatu a Abuja.

Hajiya, abu uku ne suka haɗu, kuma biyu daga ciki tun kafin ki kunna wuta.

Na farko, shanun. Naman da kike gani a bidiyo na shanun da aka turke aka ciyar da hatsi ne, kitse ya ratsa cikin tsokarsu. Namu na kiwo ne, sun sha tafiya, tsokarsu ja ce ba kitse a ciki, kuma mahauci yakan feɗe kitsen saman ya sayar daban. Ki nemi naman bijimin da aka yi wa kiwon turke, ki gaya wa mahaucin tun kwana ɗaya ya cire miki ƙirjin guda, kada ya tsaga, kada ya taɓa kitsen. Ke za ki rage shi da kanki ki bar kaurin rabin santimita zuwa ɗaya. In ba a samu mai kitse ba, ki bar ƙirji ki sayi tozo. A nan mu muka fi su sa'a: tozo yana da kitsen da ya ratsa shi ko'ina, yana jure doguwar wuta, mutanen Barazil ma da ke da shanu masu tozo suna ji da shi wajen gashi. Haƙarƙarin gaba mai kauri shi ne na biyu.

Na biyu, naman yankan ranar ne. Bayan yanka tsoka tana sanƙarewa, ba ta sakewa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki bar shi ya huce a inuwa awa 2, sannan ki sa a firji, ba wajen ƙanƙara ba, kwana 2 zuwa 4. In wutar lantarki ba ta da tabbas, ki ɗaure shi a leda ki binne cikin ƙanƙara a babbar kula, kina zubar da ruwa kina ƙarawa.

Na uku, tsayawar nan da ta tsorata ki. Ba matsala ba ce, kowane babban nama yana yin ta tsakanin digiri 65 zuwa 75. Ruwa ne ke fitowa saman naman yana bushewa, bushewar tana sanyaya shi daidai yadda wuta ke zafafa shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ƙara wuta sai dai ya ƙone bayan. Maganinta naɗewa.

Ga tsarin daga farko. Daren da za a gasa, ki barbaɗa gishiri gram 10 ga kowane kilo, wato ɗan ƙasa da ƙaramin cokali biyu a shafe, da masoro dakakke mai tsakuwa kwatankwacin haka. Murhu ya tsaya a 120. Ki ajiye naman, gefen kitse yana kallon sama, ɓangaren da ya fi kauri yana fuskantar wuta, amma ba dab da ƙofar ba. Ki ajiye kwanon ruwa kusa da ƙofar da zafi ke shigowa, musamman da hunturu da iska ta bushe. Awa 3 na farko kada ki buɗe. Bayan nan duk awa ɗaya ki duba, ki fesa ruwa a gefunan da suka fara bushewa. Idan bayan ya yi duhu ja-baƙi, kika kankara da farce yajin bai biyo ba, ciki kuma ya kai 72 zuwa 75, lokacin naɗewa ya yi. Ga naman ƙasarmu takardar foyil ta fi, ninki biyu, a zuba narkakken kakide ko man shanu babban cokali 4 da ruwan romo rabin kofi kafin a rufe gam. Masu gashin Teksas da takardar mahauta, wato takarda mai kauri da mahautansu ke naɗe nama, suke naɗewa don bayan ya tsaya da ɗan tauri, amma nama marar kitse ba ya jure wannan. Takardar buhun siminti da jarida kuwa kada su taɓa abincinki.

Ki mayar, ki ɗaga zafi zuwa 130. Daga digiri 90 ki fara soka tsinken ma'aunin zafin cikin nama a wuri mafi kauri. Yawanci yana nuna tsakanin 93 da 96, amma hannu ne alƙali: in tsinken ya shige ba turjiya kamar a cikin dafaffen dankali, ya yi. Ki fitar, ki ɗan buɗe minti 10 tururi ya fita, ki rufe, ki naɗe da tsohon tawul mai tsabta ki sa a kula awa 2 zuwa 3. Wanda ya yanka da zafinsa, ruwan a kan faranti zai ƙare. In za a yanka, a duba inda zaren tsokar ya nufa a gicciye shi, kaurin fensir. Ƙirji tsoka biyu ne a haɗe, zarensu bai nufi wuri ɗaya ba, don haka in kin kai tsakiya sai ki juya naman. A yanka iya wanda za a ci nan take.

Da Babbar Sallah ina so in gasa ragon layyata haka, mutum 30 za su ci da azahar. Zai isa? Yaushe zan fara?

Malam, ka sa walimar washegarin Sallah ko rana ta uku, saboda sanƙarewar naman yankan ranar da muka faɗa wa Hajiya a sama. Kwana ɗaya a sanyi yana canja naman rago sosai.

Lissafi: babba yana cin gram 200 zuwa 250 na gasasshen nama in akwai abin haɗi, kuma tsakanin ƙashi da kitse da ruwa kusan rabin nauyin yana tafiya. Ka ƙiyasta rabin kilo ɗanye ga kowane mutum, kilo 15 ke nan. Idan za a cire na sadaka da na maƙwabta daga ragon, ba zai isa ba, ka ƙara kaji 5 ko tozo ɗaya.

Kada ka saka shi ɗungurungum, sassansa ba sa nuna tare. Kafaɗu biyu da wuya da haƙarƙari su ne na doguwar wuta. Kafaɗa mai kilo 2 tana ɗaukar awa 6 zuwa 8 a kan 125, a naɗe ta a 75, a fitar in ƙashin ya zare da kansa. Haƙarƙarin rago awa 3 zuwa 4. Cinya ba ta da jijiyar da za ta narke, in ta daɗe bushewa take, a fitar da ita a digiri 65 zuwa 70 a yanka siri-siri, kamar awa 3.

In za a ci ƙarfe 2 na rana: hura wuta ƙarfe 3 na dare, kafaɗu su shiga ƙarfe 4, a ajiye wanda zai kula da wuta lokacin sallar asuba, haƙarƙari da cinya ƙarfe 9. Kafaɗu su fito wajen 11 ko 12 su huta a kula. Sannan ka ɗaga wuta ka saka kaji. Gara ka gama da wuri, don naman da ke naɗe a kula yana riƙe zafi awa 4 lafiya. Ka bar tazarar yatsu uku tsakanin yanka da yanka, kuma duk awa 2 ka musanya na kusa da wuta da na nesa.

Zan iya shafa yajin tsire?

A ƙarshe, e. Ƙuli-ƙulin da ke ciki yana da mai, in ya yi awa 10 a hayaƙi sai ya yi baƙi ya yi ɗaci, kuma yana hana bayan naman ɗaurewa. Ka gasa da gishiri da masoro, in kana so ka ƙara garin tafarnuwa da citta kaɗan. Kanumfari da kimba suna da ƙarfi, ɗan tsunkule ya isa. Yajin tsire a barbaɗa bayan an yanka, da albasa da tumatir a gefe. Miyar shafawa mai sukari ko zuma ma sai minti 20 na ƙarshe.

Kazata ta fito da ja a ƙarƙashin fata, baƙi suka ce ba ta nuna ba. Fatar kuma kamar roba. Sannan ya ake da ragowa?

Jan da ke zagaye gefen nama dab da fata aikin hayaƙi ne: iskar da ke fita daga itace mai ci tana haɗuwa da launin tsoka ta kafe shi, ko an daɗe ana gasawa ba ya ɓacewa. A naman sa ma za ka gan shi kamar zobe. Ɗanyen nama a tsakiya yake ja, kusa da ƙashi, da ruwan jini. Ma'auni ke raba gardama: ƙirjin kaza ya kai 74, cinya 80, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba.

Fatar kuwa ƙarancin zafi ne. Kaza ba ta son 120, ka kai murhu 150 zuwa 165. Ka tsaga ta ta baya ka baje, ka sa gishiri, ka bar ta a firji ba rufi ta kwana fatar ta bushe. Ta gidan gona awa 1 da rabi zuwa 2. Ta Hausa ta fi tauri, in ta yi launi bayan awa 1 ka naɗe ta da ɗan man shanu ta ƙara awa 1 ko fiye, sannan ka buɗe minti 15 na ƙarshe.

Wannan naman ba banda ba ne, ruwansa na ciki, don haka ba ya ajiyuwa a waje. Wanda ke jira a kula kada ya sauka ƙasa da digiri 60. Wanda aka yanka aka ajiye a faranti kada ya wuce awa 2, a zafin bazara awa 1. Ragowa a sa a firji da romonsa, a cinye cikin kwana 3, in ya fi haka a daskarar. Wajen ɗumamawa a zuba romo cokali 2 ko 3, a rufe tukunya, a sa wuta kaɗan har tsakiyarsa ya kai 74.